Daga tsohuwar Windows da Office zuwa sabuwa: ka san lasisinka kafin ka goge komai

Juya tsohuwar laftof ɗinka ka duba bayanta. Idan da Windows 7 ta zo daga kamfani, za ka tarar da wata 'yar takarda mai ƙyalli a manne, ɗauke da haruffa da lambobi 25 da aka kasa biyar-biyar. A yawancin kwamfutocin da suka ratsa ta hannuna takardar ta riga ta koɗe, zafin na'ura da gogar jaka sun cinye rabin rubutun, har ba ka iya bambance B da 8. Wannan 'yar takarda ita ce shaidar cewa an biya kuɗin Windows ɗin da ke ciki, kuma mutane da yawa ba sa tuna ta sai ranar da suka goge kwamfuta, sabuwar manhajar ta tsaya tana neman makulli.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a wani ƙaramin ofis. Na kwashe musu fayilolinsu tsaf, na yi fomatin, na girka Windows, komai ya tafi daidai. Da na zo kan Office 2010 sai aka nemi kwalin da ya zo da shi aka rasa, wanda ya saya kuma ya daɗe da barin aikin. Makullin yana cikin kwamfutar da na goge da hannuna, kuma da na tsaya minti biyar na ciro shi da ba su sake kashe kuɗi ba. Tun daga ranar nake fara kowane aikin ɗaukaka daga lasisi, girkawa ta biyo baya. A wannan jagorar ma haka za mu bi.

Mataki na farko: me ke cikin kwamfutar?

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramar taga za ta nuna maka wace Windows ce, wane zubi ne, kuma Home ce ko Pro. Rubuta wannan a takarda, da biro, don kwamfutar da za ka goge ba wurin ajiye bayani ba ce. Sai ka sake buɗe wannan akwati ka rubuta msinfo32. A nan za ka ga sunan firosesa, girman ram, ko tsarin 32-bit ne ko 64-bit, da kuma, daga Windows 8 zuwa sama, layin BIOS Mode wanda zai ce UEFI (sabon tsari) ko Legacy (tsoho); BIOS shi ne saitin da kwamfuta take tashi da shi kafin Windows ta buɗe. Duk za su yi amfani nan gaba.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci. A cikin akwatin dai, rubuta slmgr /dli. Jira daƙiƙa kaɗan, taga za ta fito da bayanin lasisi, kuma a ƙarshen layin Description za ka ga ɗaya daga cikin kalmomi uku: OEM, RETAIL ko VOLUME. Wannan kalma ɗaya ita ce za ta yanke maka hanyar da za ka bi.

Lasisi iri uku, da abin da kowane ya ba ka

Abin da mutum yake saya a wurin Microsoft izinin amfani ne da manhaja bisa sharuɗɗa. Faifai ko fayil ɗin girkawa ba shi da wata daraja a kan kansa, shi ya sa kamfanin yake barin kowa ya sauke shi kyauta. Izinin ne ake biya, kuma izinin ba iri ɗaya ba ne.

OEM shi ne wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar, irin su HP, Dell ko Lenovo, ya saka mata tun daga masana'anta. Ya fi araha saboda an ɗaure shi da wannan na'ura guda, musamman da babban allonta da ake kira madabod. Za ka iya sauya ram, ka sauya ma'ajiya, ka goge ka sake girkawa sau goma, lasisin yana nan. Amma ranar da kwamfutar ta mutu ya mutu tare da ita, ba a ɗauke shi a kai wa wata. Har zuwa Windows 7 makullin OEM yana kan waccan takarda mai ƙyalli. Daga Windows 8 aka daina buga shi a takarda, aka koma dasa shi a cikin madabod ɗin, ta yadda manhajar girkawa take karanto shi da kanta. Idan kana son ganinsa, buɗe PowerShell ka rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey. In bai nuna komai ba, babu makulli a dashe ke nan.

RETAIL shi ne wanda mutum ya saya daban, a kwali ko a shagon Microsoft na intanet. Wannan naka ne, kana iya cire shi daga tsohuwar kwamfuta ka kai shi sabuwa, da sharaɗin kada ya yi aiki a biyu lokaci guda. Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka sani. Kwamfutar da aka ɗaukaka kyauta daga Windows 7 ko 8.1 zuwa Windows 10 takan nuna RETAIL ko da asalinta OEM ce. A irin wannan hali haƙƙinka yana bin lasisin asali: abin da ya fara a OEM yana nan a ɗaure da na'urarsa.

VOLUME kuwa na kamfanoni ne, makarantu da ma'aikatu masu sayen lasisi da yawa a yarjejeniya guda. Ya kasu biyu. MAK makulli ɗaya ne da aka ƙayyade masa adadin kunnawa. KMS kuma kwamfutar ce take komawa wurin sabar ma'aikatar, wato babbar kwamfutar da sauran suke haɗuwa da ita, tana sabunta izininta, wanda wa'adinsa kwana 180 ne. Idan kwamfutar gida ce ko ta ɗan ƙaramin kasuwanci, ka ga VOLUME_KMSCLIENT, kuma ba ka da alaƙa da wata ma'aikata mai irin wannan saba, to ɗaya daga cikin biyu ne: ko an sayar maka da tsohuwar kwamfutar ofis ba a sake mata tsari ba, ko wanda ya girka maka ya yi amfani da manhajar satar kunnawa. Don ka tabbatar, rubuta slmgr /xpr. Lasisi na dindindin zai ce permanently activated. Na KMS zai ba ka ranar ƙarewa. Gara ka san wannan yau da ka gano shi wata shida bayan ka gama aiki, lokacin da rubutun Activate Windows ya bayyana a kusurwar allo.

Tun Windows 10 akwai abin da ake kira lasisin dijital. Da zarar kwamfuta ta kunnu sau ɗaya, sabar Microsoft tana riƙe da shaidar kayan cikinta, ta yadda in ka sake girka zubi iri ɗaya za ta kunnu da kanta da ta hau intanet. Shiga Settings ka nemi Activation. Idan ka ga an ce lasisin yana haɗe da asusunka na Microsoft, madalla. Idan ba a haɗa ba, haɗa shi yanzu, domin shi ne zai cece ka ranar da madabod ta ƙone aka sauya ta: a shafin nan akwai Troubleshoot, inda za ka shaida musu ka canza kayan na'urar.

Lasisin Office daban yake

Mutane da yawa sun ɗauka Word da Excel wani ɓangare ne na Windows. Kaya biyu ne, lasisi biyu, kuma ɗaukaka ɗaya ba ya taɓa ɗayan. Buɗe Word, shiga File, sai Account, ko Help idan Office 2010 ne. Za ka ga sunan zubin da ko an kunna shi.

A Office 2010 da waɗanda suka gabace shi, makulli shi ne komai. Nemi kwalin, ko katin, ko imel ɗin da aka turo lokacin saye. In duk sun ɓace, akwai ƙananan manhajoji da ke iya karanto makullin daga cikin Windows ɗin da take aiki, amma sai kafin a goge ta. Daga Office 2013 abin ya canza: wanda aka saya na mutum ɗaya ana ɗaure shi da asusun Microsoft, kuma kwamfutar ba ta ajiye cikakken makullin, sai haruffa biyar na ƙarshe. Za ka iya ganinsu da umarnin cscript ospp.vbs /dstatus a cikin foldar Office16, ko Office15 ga 2013, ko Office14 ga 2010. Amfaninsu kawai ka gane wane kati ne na wace kwamfuta. Abin da kake buƙata da gaske shi ne adireshin imel ɗin da aka yi rajista da shi da kalmar sirrinsa. Shiga account.microsoft.com daga wata na'ura, ka duba ƙarƙashin Services and subscriptions. In ka ga Office ɗinka a jere a wurin, daga nan za ka sake girka shi. In ba ka gani ba, dakata da fomatin har sai ka gano da asusun wa aka yi rajista. Sau da yawa na ma'aikacin da ya tafi ne, ko na mai gyaran da ya girka.

Me ya sa ma za a ɗaukaka?

Tsohuwar manhaja ba ta daina aiki ranar da wa'adinta ya cika. Abin da ke tsayawa shi ne facin tsaro, wato gyaran da ake turowa duk wata don toshe ɓarakar da masu kutse suka gano. Windows XP ta daina samun sa a 8 ga Afrilu 2014, Vista a Afrilu 2017, Windows 7 a 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a 10 ga Janairu 2023, Windows 10 kuma a 14 ga Oktoba 2025. A ɓangaren Office, na 2007 ya ƙare a Oktoba 2017, na 2010 a Oktoba 2020, na 2013 a Afrilu 2023, na 2016 da 2019 kuma rana ɗaya da Windows 10. Wa'adin Office 2021 shi ne 13 ga Oktoba 2026, na 2024 kuma Oktoba 2029.

Wanda yake ganin wannan dabarar kasuwa ce kawai ya tuna Mayu 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Birtaniya suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Microsoft ta fitar da facin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka shi ba su ne suka faɗa. Abin ya yi munin da sai da kamfanin ya fitar da faci na gaggawa har ga XP da ya riga ya sallama. Kwamfutar da wa'adinta ya wuce kullum tana cikin irin wannan hali, kuma babu alkawarin facin gaggawa. Sauran manhajoji ma janyewa suke yi: Chrome 109 shi ne na ƙarshe da ya hau Windows 7 da 8.1.

Wace hanya ce a buɗe gare ka?

Mai XP ko Vista ba shi da hanyar ɗaukaka kai tsaye zuwa Windows ta yau, kuma na'urar da ta kai waɗannan shekaru ba za ta ɗauka ba ma. Kwashe fayiloli, ka yi tunanin wata kwamfuta ko Linux, tsarin kyauta da ake girkawa a madadin Windows.

Mai Windows 7 ko 8.1 shi ne aka fi ruɗawa. Lokacin da Windows 10 ta fito a 29 ga Yuli 2015 an ba da shekara guda ta ɗaukaka kyauta. A hukumance ta ƙare a Yuli 2016, amma ƙofar ta ci gaba da zama a buɗe shekara da shekaru, makullan 7 da 8.1 suna kunna Windows 10 ba tare da matsala ba. A Satumba 2023 Microsoft ta rufe ta. Don haka duk bayanin da ka karanta cewa tsohon makullinka zai kunna maka sabuwar Windows, tsohon labari ne. Sai dai akwai rangwame ɗaya: kwamfutar da ta taɓa hawa Windows 10 ta kunnu a wancan lokaci, ko da daga baya an mayar da ita 7, lasisinta na dijital yana nan muddin ba a sauya madabod ba. Ya cancanci a gwada kafin a sayi sabo. Ka kula da zubi: Starter, Home Basic da Home Premium sun koma Home, Professional da Ultimate sun koma Pro. In ka girka Pro a kan na'urar da lasisinta Home ne, ba za ta kunnu ba.

Mai Windows 10 ta gaskiya yana da hanya kyauta zuwa Windows 11, wadda ta fito a 5 ga Oktoba 2021, in na'urar ta cika sharuɗɗa: firosesa 64-bit daga jerin da aka amince da su, wanda a taƙaice yake nufin Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, ram gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, UEFI mai Secure Boot, da ɓangaren tsaro na na'ura da ake kira TPM 2.0. Sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, za ta faɗa maka inda aka gaza. Kada ka yanke ƙauna don ta ce babu TPM. A kwamfutoci da yawa yana nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. Kunna shi ka sake gwadawa. Haka nan idan msinfo32 ya nuna Legacy, akwai umarnin mbr2gpt da ke cikin Windows 10 wanda yake sauya tsarin ma'ajiyar ba tare da goge ta ba, sannan ka koma BIOS ka zaɓi UEFI. Kada ka taɓa wannan sai ka yi ajiyar da za mu yi magana a kai.

Idan firosesan ne ya gaza, zaɓinka huɗu ne, kuma ba daidai suke da juna ba. Akwai ƙarin wa'adin tsaro na Windows 10 da ake kira ESU. Ga masu amfani a gida yana kaiwa 13 ga Oktoba 2026, ana shiga ta Windows Update a kan zubin 22H2 da asusun Microsoft, ko dai da dala 30, ko da makin Microsoft Rewards 1,000, ko kyauta ga wanda ya kunna ajiyar saitunansa ta Windows Backup. Kamfanoni suna biyan dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara har tsawon shekara uku. Wannan sayen lokaci ne don a shirya. Akwai kuma dabarun tsallake sharuɗɗan a girka Windows 11 da ƙarfi. Suna aiki, amma Microsoft ta faɗa a fili cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma ni ba zan ɗora lissafin kuɗin kasuwanci a kan abin da zai iya tsayawa a babban sabuntawa na gaba ba. Na uku shi ne Linux Mint ko Ubuntu, ko ChromeOS Flex ga wanda aikinsa duk a burauza yake. Kwamfutar da ke nishi da Windows takan farfaɗo da su, kuma babu kuɗin lasisi. Na huɗu, wata kwamfutar. In ta hannu ce za ka saya, buɗe Activation da slmgr /dli a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su bar hannunka.

Ajiya: ba a fafe gora ranar tafiya

Kowa yana tuna Documents da hotuna. Abubuwan da ake mantawa su ne suke sa kuka. Idan kana amfani da Outlook da tsarin POP, wanda yake sauke imel ya ajiye a kwamfuta, imel ɗinka na shekaru suna cikin fayil mai ƙarewa da .pst a kwamfutar kaɗai, babu kwafinsu a saba. A Outlook 2010 zuwa sama yakan zauna a Documents cikin Outlook Files, a 2007 da na baya kuma yana ɓoye a AppData. Kwashe shi bayan ka rufe Outlook. Kwashe Normal.dotm na Word da Personal.xlsb na Excel in kana da saituna ko makro, wato jerin umarnin da aka ajiye don maimaita aiki. Kwashe font ɗin da ka girka da kanka, musamman tsofaffin da aka yi amfani da su wajen buga haruffa irin ƙ, ɗ da ɓ kafin Unicode ya yaɗu, domin in font ɗin ya ɓace takardun za su buɗe da wasu alamomi a gurbin haruffan. Fitar da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka. In ma'ajiyar tana kulle da BitLocker, rubuta makullin ceto mai lambobi 48 ka dakatar da kullen kafin ka taɓa BIOS.

Sannan ka lissafa manhajojin da aikinka ya dogara da su, na lissafin kuɗi, na firinta, na sikana, ka duba shafin kowane kamfani ko yana da direba, wato manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, na sabuwar Windows. Tsohuwar firinta mai lafiya da babu direbanta ta sha hana ofis ɗaukaka. Bayan ka kwafe komai a ma'ajiyar waje, jona ta a wata kwamfuta ka buɗe fayil biyar ko goma ka gani da idonka.

Shawara mafi sauƙi, in aljihu ya yarda: sayi sabuwar ma'ajiya mai sauri irin SSD, ka cire tsohuwar ma'ajiya ka ajiye ta a aljihun tebur yadda take, ka girka a kan sabuwar. Kwamfutar za ta yi sauri fiye da yadda kake zato, kuma in wani abu ya kwaɓe sai ka mayar da tsohuwar ka ci gaba da aiki.

Girkawa

Hanya biyu ce. Ɗaukaka a kan tsohuwar, ta Windows Update ko Installation Assistant, tana riƙe fayiloli da manhajoji, kuma tana ba ka kwana 10 ka koma baya ta Settings a ƙarƙashin Recovery. A cikin kwanakin nan kada ka goge foldar Windows.old, ita ce hanyar komawar. Wannan ya dace da tafiya daga 10 zuwa 11 a kwamfuta mai lafiya. Girkawa daga tushe kuwa dole ce idan daga 32-bit za ka koma 64-bit, domin Windows 11 ba ta da 32-bit sam, ko daga 7 kai tsaye zuwa 11, ko in akwai alamar an taɓa saka manhajar satar kunnawa.

Sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft kaɗai, ka ba ta filas mai aƙalla gigabait 8, ka san cewa za ta goge duk abin da ke kansa. Tayar da kwamfutar daga filas ɗin. In an tambaye ka makulli kuma kana da lasisin dijital, zaɓi I don't have a product key, sannan ka zaɓi zubin da ka rubuta a takarda tun farko. A wurin zaɓen ma'ajiya ka natsu, ka cire duk wata ma'ajiyar waje kafin ka kai nan. Da an gama, hau intanet, bar Windows Update ta yi aikinta har ta ce babu saura, ka koma Activation ka tabbatar.

Office: babu rangwamen ɗaukaka

Tun Office 2010 Microsoft ta daina sayar da kwalin ɗaukaka mai rangwame ga masu tsohon zubi. Mallakar 2013 ko 2016 ba ta rage maka komai a kan 2024. Ka kuma sani cewa Office 2016 shi ne na ƙarshe da ya hau Windows 7 da 8.1, daga 2019 sai Windows 10 zuwa sama.

Zaɓi na farko saye sau ɗaya. Office Home 2024 yana da Word, Excel, PowerPoint da OneNote, na kwamfuta ɗaya, kuma lasisinsa bai yarda da aikin kasuwanci ba. Home and Business ya ƙara Outlook da izinin kasuwanci. Na biyu Microsoft 365, wanda kafin Afrilu 2020 ake kira Office 365, biyan wata ko shekara ne. Na iyali yana ɗaukar mutum 6, kowa da terabait 1 a OneDrive, kowa na iya shiga a na'ura 5 lokaci guda. In ka daina biya fayilolinka na kwamfuta ba sa ɓacewa, amma manhajar takan koma karatu da bugawa kawai, babu gyara. A ganina, mutum ɗaya mai kwamfuta ɗaya da ke buga wasiƙu da lissafi, saye sau ɗaya ya fi masa. Gida mai mutane da na'urori da yawa, biyan shekara ya fi. Wanda kuma buƙatarsa kaɗan ce, Word da Excel na burauza kyauta ne da asusun Microsoft, LibreOffice ma kyauta ce, tana buɗe docx da xlsx, har tsofaffin fayilolin da sabon Office yake ƙi. Inda takan yi tuntuɓe shi ne makro masu sarƙaƙiya da takardu masu ado da yawa, don haka gwada ta da ainihin fayilolinka.

Cire tsohon Office kafin ka girka sabo, don zubi biyu a kwamfuta ɗaya sukan yi rikici, musamman Outlook. Sabon Office yana girka 64-bit da kansa. In kana da tsofaffin makro ko wata manhajar da ke maƙale da Excel tun zamanin 32-bit, gwada a kwamfuta ɗaya tukuna, in sun ƙi sai ka zaɓi 32-bit da gangan. Fayilolin .doc da .xls na kafin 2007 suna buɗewa, kuma ta File, Info, Convert za ka mayar da su sabon tsari. Abu biyu ne ke buƙatar gaggawa tun tsohuwar kwamfutar tana numfashi. Rumbun bayanan Access 97 ba ya buɗewa daga Access 2013 zuwa sama, sai an fara sauya shi da wani zubi na tsakiya. Publisher, manhajar tsara takardun bugawa, kuma ba ya cikin Office 2024, kuma tallafinsa yana ƙarewa a Oktoba 2026, don haka mayar da fayilolin .pub zuwa PDF ko Word yanzu.

Makullai masu arahar banza

Za ka ci karo da masu sayar da makullin Windows Pro ko Office Professional Plus a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na gaskiya ba. Araha ba ta ado. Professional Plus zubi ne na yarjejeniyar kamfanoni, ba a ƙera shi don a sayar wa mutum ɗaya a kasuwa ba. Yawancin irin waɗannan makullai MAK ne da aka raba wa mutane barkatai, ko na makarantu, ko na masu gwajin manhaja. Yakan kunnu yau, a toshe shi bayan watanni, kuma ko bai toshe ba kunnuwa ba ta zama lasisi. Gaskiya ne cewa Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2012, a shari'ar UsedSoft da Oracle, cewa ana iya sake sayar da lasisin dindindin da aka yi amfani da shi, amma da sharaɗin mai shi na farko ya daina amfani da nasa kwafin. Mai sayarwa na gaskiya zai ba ka takardar da ke nuna asalin lasisin da rasit. Wanda ya turo maka lambobi 25 kawai a saƙo bai ba ka komai da za ka nuna ba.

Manhajojin satar kunnawa sun fi wannan haɗari, domin abu na farko da suke nema shi ne ka kashe rigakafin kwamfutarka ka ba su cikakken iko. Wanda yake shiga banki ko imel ɗin aiki a wannan na'ura ya buɗe ƙofar da bai san wa zai shigo ta ba. In kuɗin lasisi ya gagara, Linux da LibreOffice suna nan, halal ne kuma kyauta.

Ga mai kula da kwamfutoci da yawa

Lasisin Windows na yarjejeniyar kamfanoni na ɗaukaka ne kawai, yana buƙatar kwamfutar ta riga ta mallaki lasisin tushe da ya cancanta, yawanci Pro. Sayen kwamfuta babu Windows da nufin a saka mata makullin ofis ya saɓa sharuɗɗan. A ɗaya ɓangaren, OEM na Pro yana da haƙƙin komawa baya, wato kwamfutar da ta zo da Windows 11 Pro an iya saka mata 10 Pro in wata manhajar aiki ta tilasta, har zuwa ƙarewar wa'adin Windows 10 a Oktoba 2025, abin da Home ba ta da shi. In akwai na'urar da dole ta zauna a Windows 7 ko XP saboda injin da take sarrafawa, cire ta daga intanet gaba ɗaya, a kuma taƙaita filas ɗin da ke shiga cikinta.

Kada a ɗaukaka duka rana ɗaya. A fara da kwamfuta guda, a bar ta ta yi mako tana aikin yau da kullum, har da buga takarda da rufe lissafin wata in ya zo. Sannan a buɗe littafi, na takarda ko na Excel da aka buga aka ajiye a fayil, layi ɗaya ga kowace na'ura: lambar jikinta, zubin Windows, irin lasisin, zubin Office, haruffa biyar na ƙarshen makulli, imel ɗin da aka yi rajista da shi, ranar saye da inda rasit yake. Imel ɗin ya zama na ofis, ba na wani ma'aikaci ba, kuma aƙalla mutum biyu su san kalmar sirrinsa. Kafin a bayar da tsohuwar kwamfuta ko a sayar, a cire Office daga cikinta, a fita daga asusun Microsoft, a cire makullin RETAIL da slmgr /upk in za a kai shi wata na'ura, sannan a goge ma'ajiyar ta Reset this PC tare da zaɓin tsabtace ma'ajiya gaba ɗaya.